Ajiyar Hamadu a Kwandon Shara

Hamadu mai hoto bai shiga ajin kwamfuta don sha'awa ba. Fim ne ya ƙare a Garwa. Mutumin da yake kawo masa daga Duwala ya ce an daina yi, mai wankin hoto na bakin kasuwa kuma ya sayar da injinsa ya koma sayar da katin waya. Dole ta sa Hamadu ya sayi kyamarar zamani, mai ɗan kati a ciki kamar farce, dolen ce kuma ta kai shi shagon Madam Florentine a unguwar Djamboutou, inda ta jera tsofaffin kwamfutoci tana koya wa manya.

Tun ranar farko shi da na'urar suka ƙi juna. Abin da ake turawa da hannu, wanda Madam ta ce sunansa ɓera, in ya tura shi gabas sai 'yar kibiyar da ke kan gilashi ta ɓace. In ya kai bakin tebur sai ya ci gaba da turawa a kan cinyarsa.

"Danna sau biyu, Malam Hamadu. Da sauri, tak-tak."

"Ai sau biyu na danna, Madam."

"Ka danna ɗaya, ka tafi ka sha shayi, ka dawo ka danna na biyu. Ba haka ba ne."

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne tambaya. Duk abin da ya ce a yi, sai wani ɗan akwati ya faɗo tsakiyar gilashi da Faransanci yana tambaya ko ya tabbata. Shi da ya aurar da 'ya'ya, ƙarfe ne zai riƙa tambayarsa ko ya san abin da yake yi? Kashewa kuma nata aikin daban: a danna nan, a zaɓi can, a zauna a jira ta gama shirinta kamar matar da za ta gidan biki. Hamadu ba ya jira. In lokacinsa ya cika sai ya sunkuya ya fizge waya daga bango.

"Za ka kashe mini ordinatar!" in ji Madam.

"To ba kashewar ake so ba? Rediyona haka nake yi masa, har yau yana magana."

"Ka sake taɓa wayar nan, ka bar mini shago. Na faɗa maka."

Ana cikin haka bikin Rabi'atu ya taso, 'yar autar Alhaji Sulaimanu mai atamfa. Tun zamanin hoto mai baƙi da fari Hamadu ne mai hoton gidan, shi kaɗai ne namijin da ake bari ya shiga har tsakar gida. Amma yanzu samarin masu hoto sun cika gari, har wani ya je ya yi wa Alhaji tallar kansa. Alhaji ya kira Hamadu ya ce, "Na ji ka koma abin zamani. Ni ba ruwana. Hoton auta ne, ba a yin bikin nan sau biyu. In ka ɓata mini shi, gaisuwa ce kawai za ta rage tsakaninmu."

Ranar ɗaurin aure katin kyamara ya cika tun kafin la'asar. Hamadu ya hau moto, wato babur ɗin haya, ya zo shago, Madam ta juye hotunan cikin kwamfutar da yake koyo a kanta, ta haɗa su a dosiye ɗaya, wato 'yar jaka ruwan ɗorawa da ke zaune a kan gilashi, ta rubuta mata Rabi'atu, sannan ta goge katin ya koma aiki. Ranar kai amarya ma haka aka yi. Bikin kaf ya koma cikin wannan 'yar jaka, babu shi a ko'ina kuma.

Ran Laraba Hamadu ya shigo ya tarar da Pierre zaune a kujerarsa. Pierre, wanda ake ce wa Mushe, wato Malam da Faransanci, tsohon jandarma ne da ya yi ritaya, shi ma ɗan aji ne, kuma ba ya ganin abu a rufe ya ƙyale. Ya buɗe dosiyen, ga matan gidan Alhaji cike da gilashi, wasu ko mayafi babu.

"Malam, amarya ta yi kyau," in ji Pierre. "Wannan mai jan ɗankwalin fa, ƙanwarta ce?"

"Mushe Pierre, tashi. Matan mutane ne, ba sinima ba ce."

"To ka bar abu a kan hanya, ka ce kada a gani?"

Maganar ta zauna masa a ciki, don gaskiya ce. Hamadu kuwa ya san yadda ake ajiya. Shekarar da aka yi ta rufe kasuwanni ɓarayi sun fasa shagonsa, suka balle akwati, suka farke katifa, suka kwashe komai. Abu ɗaya ya tsira, babban gilashin kyamararsa, wanda ya gangara daga tebur ya faɗa kwandon shara. Tun daga ranar, duk abin da yake ji da shi a ƙasan kwandon yake kwana, a rufe da yagaggun takardu. Ɓarawo ba ya tona shara. Ko matarsa bai taɓa gaya wa ba.

A kusurwar gilashin kwamfuta ma akwai ɗan kwando. Madam ta taɓa nuna musu cewa abin da aka jefa ciki yana nan, ba ya tafiya ko'ina. Jan abu da ɓera kuma shi ne darasi ɗaya da hannunsa ya karɓa. Ya bari Madam ta fita amsa waya, ya kama dosiyen Rabi'atu, ya ja shi sannu a hankali, ya sake shi cikin kwandon. Na'ura ta yi tambayarta, ya danna Wi, wato e. Ya leƙa, ga shi nan kwance tsakanin tarkacen mutane. A ranar ce ya fara ganin kwamfuta da ɗan mutunci.

Ran Asabar da safe ya zo da niyyar a sa masa hotunan a faifai ya kai wa mai bugawa. Kafin ya buɗe baki Madam ta tafa hannu.

"Yau darasin shara za mu yi. Na'urorin nan sun yi nauyi, kowa ya zubar da kwandonsa. A ɗora kibiya a kan kwando, a danna maɓallin dama, a zaɓi Vider, wato zubar. Wannan karon in ya tafi ya tafi, ba ya dawowa."

Pierre ya yi nasa. Wata 'yar kasuwa mai suna Aminatu ta yi nata. Hamadu ya naɗe hannu a ƙirji.

"Malam Hamadu, kai muke jira."

"Nawa ba ya bukatar shara."

"Naka ya fi na kowa cika."

"A bar shi haka. Ni ban ga abin da ya tare wa wani ba."

"Shagona ne ko naka?"

"Naki ne, Madam. Amma a bar shi."

Ya so ya ja ta gefe ya yi mata raɗa, sai dai ga Pierre ya juyo da kujera yana kallo, ga Aminatu ta kasa kunne. Ma'ajiyar da aka faɗa a gaban mutane ai ta tashi daga ma'ajiya. Yana cikin wannan lissafi Madam ta gaji. Ta miƙo hannu ta kan kafaɗarsa ta kama ɓera.

"Kullum sai mun yi dambe da kai. Duba, ba wuya. Dama, Vider."

Ɗan akwatin tambaya ya faɗo. Kibiya ta nufi Wi. Hamadu ba zai kama hannun matar mutane ba. Sai ya zube ƙasa, ya kutsa ƙarƙashin tebur, ya fizge waya daga bango.

Ba tasa kaɗai ya fizge ba, uwar wayar ce da ta haɗa shagon duka. Gilasai suka yi baƙi, fanka ta tsaya.

"Wasiƙata!" Pierre ya miƙe tsaye. "Tun safe nake bugawa da yatsa ɗaya!"

Madam ba ta yi ihu ba. Ta nuna ƙofa. "Fita."

Daga ƙarƙashin tebur Hamadu ya ce, "Bikin gidan Alhaji yana cikin kwandon."

"Me ka ce?"

"Rabi'atu. Ni na sa ta ciki. Ajiya na yi."

"Ajiya? A shara?"

Ya fito yana kaɗe gwiwa, ya ga babu sauran mafita, ya ba su labarin ɓarayi da gilashi da yagaggun takardu. Aminatu ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Madam ta dafe kai ta yi wata magana da yaren garinsu na kan dutse, wadda ba wanda ya nemi fassara.

"Yanzu ka yi addu'a ta tashi," in ji ta. "Yadda ka kashe ta ɗin nan, in ta ƙi, ni ba ruwana."

Ta mayar da waya. Sauran na'urori suka tashi. Ta Hamadu ta yi shuɗi, fararen rubutu na gudu, wai tana duba cikinta ko wani abu ya lalace. Hamadu ya tsaya a kanta yana salati. Ya tuna fuskar Alhaji, ya tuna yaron nan mai tallar kansa. Da ya ga abin ya daɗe sai ya kai hannu zai ɗan bubbuga mata gefe, Madam ta ce, "Taɓa ka gani."

Can gilashi ya washe. Kwando na nan a kusurwarsa, cike. Madam ta ƙi taɓawa, ta ce shi da ya jefa shi zai fitar. Ya buɗe kwandon, sai a karo na uku tak-tak ɗin ya yi daidai. Ta nuna masa Restaurer, wato mayar, ya danna, 'yar jakar ta koma mazauninta. Suka buɗe: ga ɗaurin aure, ga kai amarya, ga mai jan ɗankwali.

"Mushe Pierre, juya fuskarka," in ji Hamadu.

Madam ta sa hotunan a faifai biyu, ta tsaya a kansa har ya zubar da kwandon da hannunsa, sannan ta tilasta masa ya kashe na'urar ta hanyarta, ya zauna ya jira ta gama shirinta. Ta ce in yana son dawowa ran Litinin, kujerarsa za ta koma nesa da bango.

Yana bakin ƙofa Pierre ya ɗaga murya, har masu moto da ke jira a waje suka juyo. "Malam! Wato babban gilashin nan naka har yanzu a kwandon shara yake kwana?"

Hamadu ya fice. Ya kai faifai ɗaya wurin mai bugawa, ya wuce shagonsa da ɗayan. Yana shiga ya sunkuya ya ɗaga takardun kwando zai tura faifan ƙasa, sai ya tuna ma'ajiyar ta riga ta tonu. Ya ja dogon tsaki, ya zaro gilashin ma. Ya tsaya a tsakiyar shago, faifai a hannun dama, gilashi a hagu, yana duban akwati, yana duban katifa, yana zagin Pierre.