Yatsu Uku

Mai Taru yana tsince leda daga wata tsohuwar raga sai Dogo, ɗan ƙanwarsa, ya shigo rumfar da taru a kafaɗa. Duk bakin tekun nan, Dogo kaɗai ya rage yana kawo masa gyara. Sauran masunta sun kife kwale-kwalensu sun shiga gari neman abin yi, matar Mai Taru kuma ta rasu bara. Ranar da Dogo bai zo ba, tsohon yakan wuni bai ji ko muryar kansa ba.

"Kawu, gindin tarun nan za ka matse wa ido. Yatsa ɗaya."

"Yatsu uku muke yi," in ji Mai Taru, "don ƙananan kifaye su fice su girma. In ka kwashe 'ya'yan, me za ka kama baɗi?"

"Manyan suna ina, Kawu? Jiya har inda ba a hango ƙasa na je, na dawo da robobi da warin takalmi. Yarana ba za su ci baɗi ba."

Tsohon ya ce ba dai da hannunsa ba. Dogo bai ja magana ba. Ya yar da tarun ya fice, ko shayin da aka zuba masa bai taɓa ba.

Mai Taru ya zura wa kofin ido har ya huce. Tsoro ya kama shi, tsoron ranar da rumfar nan za ta yi tsit gaba ɗaya. Da hantsi ya jawo zare. Hannun da ya saba da yatsu uku tun ƙuruciya ya yi ta yi masa gardama, yana ƙullawa yana jin kunyar mahaifinsa da ke ƙasa. Amma dai ya ƙulla.

Da la'asar ya saɓi tarun ya gangara. Ya tarar da Dogo da matarsa cikin ruwa iya ƙugu, suna jan gidan sauro. 'Yan kifaye ne a ciki kamar tsinken ashana.

"Na gama," ya ce. "Yatsa ɗaya."

Dogo ya dubi tarun, ya kau da kai. "Sannu, Kawu. Ai da ka bari. Gidan sauron nan ko gyara ba ya bukata."

Mai Taru ya koma rumfa, ya zubar da shayin. Ya zauna ya soma kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don aikin ya kai shi gobe.