Mulalo Ta Ƙi Ɗaukar Yarinyar

"Ba zan ɗauke ta ba," in ji Mulalo, jami'ar shige da fice.

Vho-Nemakonde, shugaban masu aikin rana a ofishin shige da fice na bakin gadar kan iyaka, ya ɗago kai daga kwanon tuwon masararsa. "Me kika ce, 'yata?"

"Kun ji ni, yallaɓai."

Yarinyar da ake magana a kanta, Ruramai, ba ta wuce shekara biyar ba. Tana kan benci, ta cusa fuska cikin zanen wata 'yar garin Masvingo na ƙetaren iyaka mai suna Chenai. Da safe aka kamo su cikin ƙaya, sun ƙetaro kogi ba takarda. Da aka tambayi Chenai, ta ce 'yarta ce. Da aka matsa, ta ce yayarta ce ta haife ta, ta rasu bara, kuma ranar rabon kayan mamaciya dangi suka miƙa mata yarinyar suka ce daga yau ke ce uwa. A wurin Vho-Nemakonde wannan amsa biyu ce, mai amsa biyu kuwa da abin da yake ɓoyewa. Sai ya yanke hukunci: matar ta shiga motar da ke mayar da mutane ƙetaren gada, yarinyar ta shiga ta gidan kula da yara har a gama bincike.

Sai an ɗauki yarinyar an kai ta motar, a ƙa'idar wurin kuwa namiji ba ya ɗaukar 'ya mace. Ranar kuwa Mulalo ce kaɗai mace a bakin aiki.

"To fa, Farfesa za ta fara darasi," in ji Thendo, abokin aikinta mai kiran ta sisi, wato 'yar'uwa, yana firfita da hula. "Sisi, digirin naki a can cikin firji za ki bar shi, nan zafi zai narkar da shi."

"Kai da ba ka da shi, me ya narkar maka da kai?"

Vho-Nemakonde ya wanke hannu a hankali. Ba mugu ba ne, kowa ya shaida. Ya ce tun ba a yaye Mulalo ba yake aiki a gadar nan. Ya ga matan da suka rantse da kabarin iyayensu, ashe hayar yaran suka yi su kai su bara a birni. Wata har kuka ta yi ya sake ta, kuma har yau yana tuna fuskar yaron da ta tafi da shi.

"To a tsare su tare har a bincika," Mulalo ta ce.

"Ɗakin manya ba ya karɓar yara."

"Yallaɓai, 'ya'yan ƙanenku ba baba suke ce muku ba?"

"Wannan a gida ne. Nan ba gida ba ne."

"Ita yarinyar ba ta san da haka ba."

Vho-Nemakonde ya buga waya a turo wata ma'aikaciya daga gari, aka ce sai gobe. Mulalo ta fita ta tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a baya, rana na dukan ƙeyarta. Thendo ya kawo mata ruwa, ya rage murya: "Ki ɗauke ta kawai, sisi. Minti nawa ne? Ke ce za ki gyara duniya?" Ta sha ruwan, ta miƙa masa kofinsa.

Direban gidan yara ya yi ta danna ham har ya gaji, ya ja motarsa. Ba inda za a kwantar da yarinyar, don haka da yamma Vho-Nemakonde ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda, ya ce su tafi can su ƙarata. Chenai ta goya Ruramai ta hau motar masu komawa. Ba ta yi godiya ba. Ta dubi kakin Mulalo irin kallon da take yi wa kowane kaki.

Kwamitin ladabtarwa ya nemi Mulalo ta ce kuskure ta yi, a bar ta da gargaɗi. Ta ce ba kuskure ba ne, da gangan ta yi. Aka kore ta, aka rufe mata ƙofar aikin gwamnati. Ƙanwarta da take ɗaukar nauyin karatunta ta bar jami'a, ta kuma daina yi mata magana. Yanzu Mulalo tana sayar da mangwaro a bakin titi, direbobin manyan motoci ne masu sayenta. Ko Chenai gaskiya ta faɗa, ba ta sani ba har yau.