Ban Taɓa Ganin Ta Ba

"Ki ɗaga murya, Malama Lesieli, ba a jin ki daga nan," in ji alƙaliya.

Lesieli ta gyara 'yar tabarmar al'adarsu da ta ɗaura a ƙugu bisa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta sake faɗa. Ita da mijinta Sitani sun zo daga ƙasar Tonga da bizar ziyara, biza ta ƙare, suka yi zamansu. Shekara da shekaru suna tsinkar inabi a gonar Bruno Scarfo a bayan garin Robinvale. A kakar bara injin ɗaga kaya ya murƙushe hannun Sitani na dama a rumfar da ake zuba inabi cikin kwalaye. Kelvin, ɗan kwangilar da ke kwasar su zuwa gona, ya ajiye shi a ƙofar asibiti, ya ce in an tambaye shi ya ce a gida ya faɗi. Tun ranar ba wanda ya sake ganin Kelvin.

Lauyan Bruno ya miƙe, dogo mai sanyin murya.

"Kin ɓoye wa hukuma cewa bizarki ta ƙare, ko ba haka ba?"

"Na ɓoye."

"Madalla. Kina da takardar ɗaukar aiki? Ko hoto ɗaya a gonar?"

"Kelvin ba ya barin mu shiga da waya."

"Kin kuma ce har cikin gidan Mista Scarfo kika yi aiki."

"In an gama tsinka, ni nake kula da mahaifiyarsa. Ni nake mata wanka."

Lauyan ya dubi alƙaliya, ya yi ɗan murmushi, ya zauna.

Da aka tashi hutun rana suka zauna a kan benci a inuwar ginin kotun garin Mildura. Iska mai zafi tana kaɗawa kamar an buɗe tanda. Lesieli ta buɗe wa Sitani robar abinci, gwaza da naman tunkiya cikin madarar kwakwa, don yatsu biyun da suka rage masa ba sa iya murɗa murfi.

"Ashe akwai mai iya tsare ki da tambaya," in ji shi. "Da na sani da tuni na ɗauko shi ya zauna mana a gida."

"Ci abincinka, sarkin surutu. Kai da aka kira ka ɗazu har sunanka ka nemi mancewa."

Bronwyn, lauyar da ƙungiyar ma'aikata ta ba su, ta tsugunna a gabansu riƙe da kofin gahawa. Ba ta iya ɓoye-ɓoye ba.

"Maganarku ce da tasa. Zai ce ku mutanen Kelvin ne, shi inabi kawai ya sani. In alƙaliya ta yarda da shi, izinin zaman da aka ba ku saboda shari'ar nan ya ƙare ke nan."

Sitani ya dubi hannunsa. A ƙauyensu mai hannu ɗaya ba ya jan koma, ba ya riƙe fartanya. Lesieli ta tura masa sauran naman da ke gabanta.

Bayan hutu aka kira Bruno. Ƙato ne, rana ta gasa masa wuya, kwat ɗin da ya sa ta matse shi a kafaɗa. Ya ɗora hannu kan Littafi Mai Tsarki ya rantse. Ya ce shi manomi ne, kwangila yake bayarwa, wanda ɗan kwangila ya kawo ba ruwansa da sanin takardunsa. Bronwyn ta nuna Lesieli.

"Ka san matar can?"

"Ban taɓa ganin ta ba."

"Ka dube ta da kyau, Mista Scarfo."

"Na duba. Mutane ɗari suna wucewa ta gonata kowace kaka. Ban san ta ba."

Mutumin nan ya sha cin taliyar da Lesieli ta dafa, a tsaye a kicin, yana tsoma burodi cikin miya.

Ƙofar baya ta buɗe. Gina, matar Bruno, ta shigo tana tura keken marasa lafiya, cikinsa wata 'yar tsohuwa sanye da baƙar riga, farin gashinta a hargitse. Duk Robinvale Nonna ake kiranta, wato Kaka. Bruno ya zaro ido.

"Mai kula da ita ba ta zo ba," Gina ta faɗa ba tare da ta rage murya ba. "A mota zan bar ta cikin wannan zafi?"

Nonna ta bi ɗakin da kallo tana ƙifta ido, har ta kai kan benci na biyu.

"Lesieli!" Muryar ta fi jikinta ƙarfi. "'Yar nan, ina kika shige? Dubi kaina! Wadda suka kawo mini fizgar gashi take kamar tana cire ciyawa."

Wani a baya ya tuntsire da dariya. Alƙaliya ta ce a yi shiru. Lesieli ta sa tafin hannu ta rufe bakinta, hawaye suna bin yatsunta.

Bronwyn ba ta yi gaggawa ba. Ta ajiye alƙalaminta.

"Mista Scarfo, wace ce wannan baiwar Allah?"

"Mahaifiyata ce."

"Ta kira matar da ba ka taɓa gani ba da sunanta."

Bruno ya goge wuyansa. "Ta tsufa. Wani lokaci takan rikita mutane."

"Ni?" Nonna ta buga hannun keken. "Ni nake rikita mutane? Kai da ka shekara kana kiran mijinta Stanley! Ga shi can, Sitani. Shi ya gyara mini matakalar baya da ka yi ta cewa gobe, gobe. Sitani, me ya sami hannunka? Bruno, me ya sami hannun mutumin nan?"

"Mamma, don Allah."

"Kada ka ce mini don Allah. Ubanka ya sauka ƙasar nan da akwati ɗaya, ya tsinki inabin wasu har bayansa ya lanƙwashe. Da wani ya ce bai san shi ba fa?"

Lauyan Bruno ya miƙe yana cewa matar ba shaida ba ce, ba ta yi rantsuwa ba. Alƙaliya ta ce gaskiya ne, ba za ta rubuta maganar tsohuwa ba. Ta juya wajen Bruno, ta leƙo shi ta saman tabarau.

"Amma kai ka rantse, Mista Scarfo. Lauya za ta sake yi maka tambayar. Ka yi tunani kafin ka amsa."

"Ka san matar can?" in ji Bronwyn.

Bruno ya dubi lauyansa, ya dubi Gina da ta naɗe hannu tana kallon silin, ya dubi uwarsa. Kafaɗunsa suka sauka.

"Na san ta."

"Mijinta fa?"

"Na san shi. A rumfata ya ji ciwo."

"Ka san ba su da izinin aiki?"

"Ban tambaya ba," in ji shi. "Na san abin da zan ji in na tambaya."

Lauyansa ya nemi a ɗan dakata. Da aka dawo, ya miƙe ya ce wanda yake wakilta ya amsa cewa ma'aikatansa ne, kuma alhakin raunin yana kansa. Alƙaliya ta sa wata rana don maganar diyya da magani, ta ce batun ɗaukar mutane aiki ba tare da duba izininsu ba za a miƙa shi ga hukumar da abin ya shafa. Sitani ya sunkuya ya kifa fuskarsa a kafaɗar matarsa.

A baranda Nonna ta kama hannun Lesieli ta ƙi saki.

"Gobe za ki dawo?"

"Ba aiki ba, Nonna. Amma ran Lahadi bayan coci zan zo gaishe ki."

"Ki zo da wannan ragon mijin naki. Gina za ta yi girki."

"Zan yi," in ji Gina. Ta dubi Lesieli ido cikin ido, ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta juya keken.

A tsallaken titi motar cocinsu tana tsaye ƙarƙashin wata bishiya, gilasanta a rufe. Fasto ne ya kawo matan da suke tsinka tare, amma ba wadda ta yarda ta taka ƙofar kotu don su ma ba su da takardu, tun safe suna ciki suna fifita da kwali. Sitani ya ɗaga hannunsa mai yatsu biyu sama ya kwarara ihu, masu wucewa suka waiwayo. Motar ta ɗauki guɗa da waƙar yabo har tana girgiza.

Ƙofar motar ta zuge. Kalolaine ce ta sauko, wadda maganin feshi ya ƙona wa idanu a wata gonar, ta shekara biyu ba ta gaya wa kowa ba sai Lesieli. Ta duba dama da hagu, ta tsallako titi a hankali tana kare fuskarta daga rana.

"Ita ce lauyar?" ta tambaya ƙasa-ƙasa, tana kallon Bronwyn a baranda.

"Ita ce."

"Tana da sauran lokaci yau?"

Lesieli ta kama hannunta, suka hau matakalar tare.