Kwale-kwale a Ƙofar Gida

Gajimare ya turo ƙofar shagon da kafaɗa, don hannuwansa biyu suna riƙe da sabon firam ɗin zane da ya tsaya karɓa wurin kafinta. Warin fenti da kananzir ya tarbe shi kamar kullum. Bai ko ajiye jaka ba ya wuce bayan kabad, inda ya jingine zanensa jiya da yamma don ya sha iska. Babu komai a wurin sai tsintsiya.

"Baba, ina zanen da na ajiye nan?"

Baba Kwakwa bai ɗago kai ba. "Wane zane? Zane dai ga su nan cike da ɗaki kamar ƙuda."

Gaskiya ya faɗa. Aikin shagon ke nan, zanen bakin teku don ɗakunan otal da wuraren jiran likita. Dogon teburi ne daga ƙofa zuwa taga, mutum uku a zaune a jere. Ƙyalle yakan fara zuwa wurin Gajimare, ya shafa masa sararin sama da ruwa, ya tura. Baba Kwakwa ya dasa itatuwan kwakwa biyu a gefen hagu, ya tura. Matuƙi, wanda ko a rafi bai taɓa shiga jirgi ba, ya ɗora kwale-kwale da tsuntsaye. A ƙarshe Manaja ya fito daga ofis da siririn burushi, ya lanƙwasa wani suna a kusurwar ƙasa, sunan wani Bature da har yanzu uwarsa ba ta haife shi ba. Daga aikin kowa aka yi masa laƙabi, har aka manta sunan yanka. Kuma a wannan teburi ba wanda ke kallon zane. Kowa kusurwarsa yake kallo.

Amma wanda Gajimare ke nema ba na wannan teburi ba ne. Nasa ne, ƙyallensa, fentinsa. Tun farkon damina yake yin sa a lokacin hutun rana, saboda a gida ɗaki ɗaya ne da yara, ba inda za a jingine ɗanyen fenti. Layin gidansu ya zana, ranar da ruwa ya cika shi har bakin ƙofa, sama ta kwanta a cikin ruwan, matarsa tana tsaye a ƙofar da roba a hannu tana kallon ikon Allah. Yau ce ranar ƙarshe ta karɓar aiki a gidan baje kolin zane. Shekarun da ya yi yana riƙe burushi sun isa a haifi yaro ya yi gemu, amma bai taɓa ganin sunansa a jikin bango ba. Wannan karon ya sa rai.

"Ko wanda ruwansa ya yi datti?" in ji Matuƙi, yana lasar leɓe. "Na ce jiya Gajimare da ciwon ciki ya zo aiki. Teku kamar ruwan wanki."

Gajimare ya ajiye firam da jaka. Ya nufi katakon da ake jera waɗanda aka gama, ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ya same shi a tsakiya.

Ga kwale-kwale ja a ƙofar gidansa, da filafilai biyu. Ga tsuntsaye suna shawagi bisa rufin maƙwabcinsa. Inda matarsa take tsaye kuwa, kututturen kwakwa ne ya miƙe tun daga ƙasa har sama, mai kauri, an shafa shi da wuƙar fenti. Abin da ya rage nata gefen roba ne kawai da yatsu uku. A kusurwar ƙasa, sunan Baturen nan yana ƙyalli, bai ko bushe ba.

"Baba," ya ce a hankali, "mutum ce fa a nan. Ba ka gan ta ba?"

Tsohon ya taso, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. Fuskarsa ta sauya.

"Innalillahi. Uwar yara ce?"

"Ita ce."

"Ɗana, wallahi hagu kawai na duba. Manaja ne ya kwaso duk abin da ke ɗakin ya zuba a teburi, wai motar otal za ta zo da rana, kaya ba su cika ba. Ni dai na ga ruwa, na ga sama, hannuna ya tafi da kansa."

"To ai ka gode Allah," in ji Matuƙi, "ka sama wa iyali abin hawa. Badi in ruwa ya zo sai ku shiga."

Ba wanda ya yi dariya. Shi ma sai ya sunkuyar da kai ya shiga wanke burushin da ya riga ya wanke.

Gajimare ya tsoma tsumma a kananzir, ya taɓa gefen kututturen da dabara. Fentin Baba ya taso, amma ya taso da na ƙasa. Shekaranjiya ya gama fuskar, ba ta yi ƙwari ba, wuƙar ta cakuɗa su sun zama abu ɗaya, wani launi kamar na miyar da ta kwana. Ya janye hannu.

Manaja ya fito yana sakace haƙori. Da aka yi masa bayani sai ya karkata kai ya dubi zanen.

"To mene ne abin ɓacin rai? Ai gyara maka aka yi. Da can wa zai rataya kwata a ɗakin barcinsa?"

"Ranka ya daɗe, nawa ne. Zan tafi da shi."

"Naka ne, a shagona, da hasken wutata?" Ya tofar da abin da ya sakato a ƙasa, dab da ƙafar Gajimare. "Ku masu zane matsalarku ke nan. Kowa ji yake shi wani ne. Mai faci ba ya kuka a kan taya. In za ka ɗauka, cike mini gurbinsa kafin ka fita."

Gajimare ya zauna. Ya jawo sabon ƙyalle, ya shafa shuɗi a sama, ruwan lemo a tsakiya, shuɗi mai duhu a ƙasa, ya ɗiga farin gajimare. Bai kalli abin da yake yi ba, kuma ya fito daidai da na jiya da na bara. Wannan ya fi komai ƙona masa rai. Ya tura wa Baba, ya sa nasa a firam, ya fita.

A cikin bas ya ɗaga shi sama da kai don kada ya shafi mutane. Wata mata mai goyo ta leƙa ta ce, "Kai, wannan wuri da kyau! A wace ƙasa ce?" Kwandasta ya ce kayan nan sun ci wurin mutum guda. Shi kansa Gajimare bai san abin da zai kai shi gidan baje kolin ba yanzu. Ya dai gaya wa matarsa da safe cewa yau zai kai ta inda manya za su gan ta, ta yi dariya ta ce ya tabbata ya rage mata ƙiba. Bai iya juyawa gida ba.

Gidan baje kolin fari ne fat, bango fari, tebur fari, sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa. Masu zane kusan goma suna zaune a benci a waje, kowa da aikinsa a cinya, kamar masu jiran allura. Jami'ar da ke karɓar aiki tana duba kowane zane da wutsiyar ido, tana danna waya. Da layi ya zo kansa ya ɗora nasa a tebur. Idonta ya sauka a kusurwar ƙasa, ya tsaya. Ta ajiye wayar.

"A'a! Na san hannun nan. Duk otal ɗin da na sauka sai na gan shi. Ashe yana ƙasar nan?" Ta miƙe ta ja da baya, ta rungume hannu. "Dubi yadda ya kawo teku cikin unguwar talakawa. Dubi kwale-kwalen nan. Ai duk maganar tana cikin kwale-kwalen. Wannan babban zaure za shi, kusa da ƙofa." Sai ta juyo ta dube shi, daga silifas zuwa rigar da fenti ya ɗiɗɗiga. "Ka gaya wa ubangidanka mun karɓa da hannu biyu. Kai ma ranar ratayewa ka zo ka taya mu ɗaukar kaya, za a ba ku abin sha."

"Hajiya, ni na zana."

"Na'am?"

"Layin gidanmu ne. Wannan rufin maƙwabcina ne. Sunan nan kuma babu mai shi, Manajanmu ne ke rubuta shi. Mu uku ne muke yin zanen otal ɗin da kike gani, ni ne mai sama."

Ta sake duban zanen, sai ya ga bakinta ya ɗan karkace, kamar wadda ta gano ƙuda a kofin da ta riga ta sha rabi. Ta leƙa ƙofa, ta rage murya.

"Malam, bari in taimake ka, don na ga kai dattijo ne. Ban ji abin da ka faɗa ba. In an bar shi yadda yake, babban zaure, manyan baƙi, 'yan jarida. Wataƙila ma a saya. In kuwa ka ce naka ne, to wurin masu tasowa za shi, can lungun baya, hanyar banɗaki. Shi ma sai in an sami gurbi."

Masu tasowa. Gajimare ya tuna furfurar da ya gani a madubin kafinta da safe. Ya dubi ƙofar babban zauren, a buɗe take, fitilu ƙanana suna haska bango, ga wani fili fari da zai ɗauki firam ɗinsa daidai. Ya daɗe yana kallon filin. Kowa zai tsaya a gabansa. Har matarsa zai iya kawowa, ta sa kayan fita, ta tsaya ta kalli itacen kwakwa.

Ya sunkuya, ya ɗora babban yatsansa a kan sunan, ya murza. Fentin ɗanye ne, ya tafi salin alin, ya bar baƙin tabo a cikin ruwan.

"Kai! Ka ɓata shi!" in ji jami'ar.

"A rubuta sunana, Hajiya. Lungun ma ya isa."

Ta koma kujerarta, ta ɗauki waya. "Lungu ya cika tun jiya. Na gaba!"

Ya tsaya da yatsa a sama, baƙi ƙirin, yana neman inda zai goge. Tebur fari, bango fari, labule fari. Ya goge a gaban rigarsa, ya ɗauki zanen, ya matsa wa na bayansa.