Kalmar da Kaka ta Riƙe a Hannu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu saurara.

Malamar ajin manya na tsaye gaban allo, ta rubuta "go" da alli.

"Wannan ita ce tafiya a Turanci," in ji ta. "Tsohuwar kalma ce, ta haura shekara dubu a bakin masu ita. Mutum ya tafi, ita ce. Mota ta tashi, ita ce. Har wanda ya rasu, da ita ake faɗa."

Daga bencin baya wata dattijuwa ta ɗaga hannu. Kaka ake ce mata, ko da yake jikar tata ɗaya ce, tana wata ƙasa can nesa, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Duk Lahadi uwar yarinyar kan kira ta bidiyo, kaka da jika su yi ta kallon juna kamar kurame.

"Malama, wannan na san ta. Maigida ya tafi, 'yata ta tafi. Ta zuwa nake nema."

"Sai mako mai zuwa, Kaka. Haka littafi ya tsara."

"Littafin ne zai amsa min waya gobe?"

Aji ya kwashe da dariya. Da aka tashi, malama ta kama tafin hannun Kaka ta rubuta "come" da biro, ta sa ta maimaita har sau bakwai.

A bas Kaka ta ƙi kama ƙarfe, ta dunƙule hannu a ƙirji kada rubutun ya goge.

"Mama, zinariya ce a ciki?" in ji kwandasta.

"Kai dai kula da ƙofarka."

Washegari ta share ɗaki, ta jingina waya da kofin shayi, ta zauna. Rubutun ya dushe, amma baki ya riƙe. Waya ta yi ƙara, ga fuskar yarinya, haƙori ɗaya ya fita. Kafin Kaka ta buɗe baki, uwar ta ce, "Tsaya, Mama, mako guda tana koyon wani abu."

Yarinya ta ja numfashi. "Kaka, zo."

Kaka ta dubi tafin hannunta, ta faɗi tata kalmar. Suka yi ta kiran juna har katin waya ya ƙare.

Yarinya na can makarantarta, uwar na wurin aikinta, malama ta wuce shafi na gaba. Kaka kuwa tana nan a bencin baya, babu wanda ya je wurin wani tukuna.