Ranar da Mai Takaba Ta Fita

Ni fa tun farko ban so a saka mini kyamarar nan ba. Ɗana Wisdom ne ya zo da ita daga Abuja, ya hau tsani ya kafa ta a saman ƙofar gida, wai tunda ni kaɗai ce a gidan hankalinsa zai fi kwanciya. Na ce masa tun ina aikin nas har na yi ritaya nake Tudun Wada, ba wanda ya taɓa ɗauke mini ko tsintsiya. Ya ce, "Mama, zamani ne." To, wa ya isa ya ja da ɗan zamani?

Washegari maƙwabcina Malam Yusha'u, wanda ƙofarsa ke kallon tawa, ya yi sallama. Mutum ne mai kunya. Sai da ya gama tambayar ciwon gwiwata sannan ya ce, "Maman Wisdom, abin nan naki, ko yana leƙa tsakar gidana?" Gaskiyarsa ce, mai iyali ne. Na aika aka kira Rahma, 'yar layinmu da ta yi karatun lauya a jami'ar nan ta unguwar Kongo. Ta ce ba mai hana mutum sa kyamara a jikin gidansa ta kalli ƙofarsa da titi, amma in ta tsallaka katanga ta faɗa gidan wani, an shiga haƙƙinsa, yana iya kai ƙara. Aka sunkuyar da ita, ta koma ba ta ganin komai sai titi da bakin zaurensa. Malam ya leƙa talabijin ɗin da ke nuna hoton kyamarar da kansa, ya yi dariya, ya ce ashe haka fentin ƙofarsa ya koɗe.

Bai kai ga sake fentin ba. Damina na kamawa ya kwanta, ba a daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Matarsa Maijidda ta shiga takaba da 'ya'yanta biyu ƙanana, Rauda da Suhaibu.

Nan yayar marigayin, Hajiya Ishatu, ta taso daga cikin birni ta tare a gidan. Kai, Hajiya! Na ji malamai a rediyo suna cewa mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, amma takabar Hajiya ba ta san lalura ba. Ba fita, ba leƙe, ko zaure kada ƙafar yarinyar ta taka. Kuma a gaban mutane take faɗa cewa duk ranar da aka saɓa, za ta kwashe 'ya'yan ƙaninta ta kai su birni, don ba za ta bar su hannun wadda ba ta san darajar ubansu ba. Ni dai ba addinina ba ne, na ja bakina na yi shiru, amma abin yana ci mini rai.

Ana haka aka kama Kailani. Kailani mai keken haya ne mai ƙafa uku, shi ke kai ni coci ranar Lahadi, shi ke kai yaran Malam makaranta. Wani mai shago a Tudun Jukun aka ɗauke wa janareta ranar Laraba da la'asar, wani kuma ya rantse cewa a keken Kailani ya ga an ɗora ta. 'Yan sanda suka tambaye shi ina yake a lokacin, ya ce shi dai bai yi sata ba. Ina kake? Shiru. Aka kai shi kotun majistare, aka tsare shi. Mahaifiyarsa ta zo ta zauna a ƙofata tana kuka, ta ce yaron nan ko ita ya ƙi gaya wa.

Da yake a gaban gidana yake yawan ajiye keken, na ce Rahma ta zo mu duba na'urar. Muka koma ranar Laraba. Ga Hajiya Ishatu ta fito bayan azahar, ta ci kwalliya, za ta suna. Ba ta daɗe da wucewa ba sai ga Kailani ya tsaya a bakin zauren. Wata mace ta fito cikin koɗaɗɗen hijabi, ta dubi dama, ta dubi hagu, ta shige keken. Gab da magariba suka dawo. Fuskar Maijidda ce, tar, ko makaho ya shafa zai gane.

Na dafe ƙirji. Na ce, "Rahma, a yanke wurin. Ko a dishe fuskar yadda ake yi a talabijin."

Ta ce, "Mama, in kika taɓa shi kin kashe shi da hannunki. Kotu tana karɓar irin wannan, amma sai kin sa hannu a takarda cewa na'urarki ce, lafiyarta ƙalau, kuma ba a taɓa komai ba. Mai gabatar da ƙara na ganin yanka zai tambayi me aka ɓoye. Sannan ko a haka, bidiyon fita da dawowa kawai ya nuna. Inda suka je, sai dai a ji daga bakinta."

"To in ta ƙi?"

"Bidiyon naki ne, titi ya ɗauka. Kina iya miƙa shi ko ba ta yarda ba, kotu ta aiko mata da sammaci."

Doka ta ba ni dama, amma maƙwabtaka ba ta ba ni ba. Na dama kunun gyaɗa na shiga gidan, na jira Hajiya ta tayar da salla, na ja Maijidda ɗakinta. Na gaya mata abin da na gani. Ba ta musa ba. Ta daɗe tana murza bakin zanenta, sannan ta gaya mini inda ta je. Ni da na ga haihuwa na ga mutuwa a asibiti har na daina ƙirgawa, sai da na nemi wuri na zauna.

Na ce, "Ki ce asibiti kika je mana. Wa zai ce don me?"

Ta ce, "Mama, Alƙur'ani za a ba ni in dafa." Sannan ta ce, "Shi Kailani yana can a kulle saboda ni?"

"Saboda ke."

"Na roƙe shi ne kada ya faɗa wa kowa. Ban san haka abin zai zama ba." Ta leƙa tsakar gida inda Rauda ke yi wa ƙaninta wanka a bahon roba. Ta kalle su, ta kalle su, har na zaci ta manta ina nan. Ta ce, "Ki ba su bidiyon, Mama. Kamar yadda yake."

Ranar da sammacin ya iso, ina jin muryar Hajiya daga ɗakina. "Mijinki ko wata biyu bai yi a ƙasa ba kike shiga keken wani ƙato?" Maijidda ta ce, "Yaya, ki tsaya ki ji." Ta ce ba ta ji, a je a gaya wa alƙali. Da yamma Rauda ta shigo wurina ta ce Gwaggo ta tattara kayansu a buhu, wai za su koma birni. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Na tsaya ina harar kyamarar nan kamar ita ta aike ni.

Kotu ta cika, don magana ta riga ta zaga layi. Ni aka fara kira. Na ce na'urar tawa ce, tana aiki, ba wanda ya taɓa ta. Mai gabatar da ƙara ya tambaye ni ko na iya sarrafa ta. Na ce yaro, na sarrafa na'urorin da suka fi wannan tun ba a haife ka ba. Alƙali ya ce in amsa abin da aka tambaye ni kawai. Aka kunna bidiyon, kowa ya ga abin da muka gani. Hajiya Ishatu na zaune a bencin gaba, ko motsi ba ta yi ba.

Sannan aka kira Maijidda. Aka tambaye ta ina suka je.

Ta ce, "Maƙabarta, ranka ya daɗe."

Sannan ta ci gaba:

"Ban shiga ba. Na san mata ba sa shiga. Ranar da aka fita da Malam ina ɗaki, mata sun riƙe ni, sai dai na ji tafiyar mutane. Kullum in na kwanta sai in rasa ta ina zan tuna da shi. Kailani yana cikin waɗanda suka ɗauke shi, shi ne na roƙe shi ya kai ni bakin katangar, inda ta ɗan rushe. Ya nuna mini da hannu. Na tsaya na yi masa addu'a. Shi kuma yana zaune a keke, bai gusa ba har na gama. A can muka ji kiran la'asar."

Mai gabatar da ƙara ya miƙe. Ya yi 'yan tambayoyi na cika aiki, ya zauna. Da aka sake kiran mai shaidar nan da ya rantse, sai ga shi yana cewa ai kekunan duk kama suke yi. Alƙali ya sallami Kailani. Mahaifiyarsa ta rangaɗa guɗa a cikin kotu, ɗan sanda ya daka mata tsawa.

Keke ɗaya muka shiga mu uku, ni da Hajiya da Maijidda a tsakiya. Ina ta shirya abin da zan gaya wa Hajiya in ta ce a fito da yaran, don na yi niyyar yau sai dai maƙwabtakar ta ɓaci.

Muka sauka. Maijidda ta nufi zaure da sauri, Hajiya ta kamo hannunta. Na ce a raina, to, ga ta nan.

Hajiya ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ta wane gefe yake?"

Maijidda ta dube ta. "Gefen gabas, Yaya. Kusa da wata ƙaramar darbejiya."

"Ruwa bai zaizaye shi ba?"

"A'a. An jera masa duwatsu."

Hajiya ta gyaɗa kai. Sai ta zauna a kan dakalin ƙofar, ba ta saki hannun ba. Ta ce, "Ni na goye shi. Uwarmu ta rasu yana shan nono, ni na goye shi har ya yi tafiya. Kuma ban san inda yake ba." Ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Can ta ce, "In kin fita takaba ki kai ni. Mu tafi da yaran, su ma su gani."