Koren Rufin Jebi

Shagona na tabarau yana kan titin tashar jirgin ƙasa ta Yeongju, tsakanin mai sassaƙa hatimi da wata mai sayar da barguna. Duk wanda ya girma a yankinmu, ko daga cikin bas ya hango ginin, ya san abin da yake a da. Rufin ne yake tona asiri: kore shar, bakinsa ya rabu biyu ya ɗaga sama kamar wutsiyar tsattsewa. Haka kamfanin Jebi yake gina shagunansa na baga, wato burodi mai nama a tsaka, a kowane gari, kafin ya durƙushe a 1998 tare da sauran kamfanonin da suka durƙushe.

Ni dai tabarau nake sayarwa, amma ba a mako guda ba tare da wani ya turo ƙofa ba, idonsa lafiya lau, ya tsaya yana waige-waige. Tun kafin ya buɗe baki nake cewa, "E, nan ne." Sai ya fara nuna min shagona. Nan kanta take, can injin lemo, a wancan lungun ya zauna da yarinyar da daga baya ta auri wani. Har matasan da ba a haife su a lokacin ba suna zuwa ɗaukar hoton rufin. Su ne suka gaya min na Andong ya koma shagon wayoyi, na Mungyeong kuma coci ne yanzu, an kafa gicciye a tsakanin wutsiyoyin biyu.

Rufin yana yoyo. Na yi masa faci har na gaji, ruwa ya lalata min na'urar gwada ido guda. Da bazara ta kama na kira masu gini, muka tsayar da ranar da za a sauke shi. Ban yi shawara da kowa ba, tunda rufina ne.

Kwana kaɗan da kafa ƙarafunan hawa, wata dattijuwa ta shigo, gajera, kakkaura, gashinta a nannaɗe, da jakar cefane a hannu. Ba ta yi waige-waige ba. Kai tsaye ta nufo ni kamar mai shiga ɗakinta.

"Sajangnim," ta ce, yadda ake kiran mai shago, "sunana Bang Mal-sun. Ni na kunna wutar gidan nan ranar da aka buɗe, ni na kashe ta ranar da aka rufe. Na ji za ka cire rufi."

"Yana yoyo."

"Tun yana sabo yake yoyo. Cire abinka, ban zo roƙo ba. Lahadi ɗaya nake so ka ba ni. Zan soya baga."

Na ce mata nan shagon tabarau ne, mai da hayaƙi ba sa shiri da gilashi.

"A ƙofar gefe zan kafa tanda, hayaƙi ya bi lungu. Ko ka ɗauka ina muke fitar da shi da?"

"Ba ni da lasisin sayar da abinci."

"Wa ya ce maka sayarwa zan yi? Kyauta ba ta da lasisi."

Matata Hye-ran tana goge gilasai a baya, tana jin komai. Ta leƙo, ta kira ni yadda mata ke kiran miji, ta ce, "Yeobo, ai ranar Lahadi a rufe muke."

"Shi ya sa nake hutawa."

"Huta mana. Ni zan buɗe mata."

Dattijuwar ba ta jira amsata ba. Ta ajiye tabaranta a kan kanta ta ce in duba mata ƙafarsa, ta saki.

Ranar Lahadi tun da hantsi suka iso, ita da mutum huɗu cikin yaran aikinta na da, waɗanda yanzu duk sun yi furfura. Imo suke ce mata, wato inna, ita kuma tana kiransu da sunayensu tsirara kamar jiya ta ɗauke su aiki. Akwai Ma Gi-cheol, wanda ya yi ritaya daga aikin ɗan sanda da babban muƙami. Ta miƙa masa wuƙa da kabeji.

"Siriri nake so. Da ma can hannunka nauyi gare shi."

"Imo, na shekara talatin ina ba mutane umarni."

"To yau ka huta. Yanka."

Muka tura akwatunan gilashi jikin bango, muka lulluɓe su da bargunan aro daga maƙwabciya. Ban sanar da kowa ba, ita ma ta ce ba ta sanar ba, amma kafin azahar layi ya wuce shagon mai hatimi ya sha kwana. Wasu daga Seoul suka taso. Wata mata ta zo da tsohuwar hular takarda ta ma'aikatan Jebi a cikin leda, ta ƙi yarda kowa ya taɓa.

Yadda Imo take haɗa bagar babu wani sirri. Ta gasa cikin burodin a kan tanda, ta shafa jam ɗin tuffa a ɓari ɗaya, ta ɗora nama falle guda siriri, da soyayyen ƙwai, da kabeji tuli, ta zuba miyar tumatir da mayonis, ta danne da tafin hannu, ta naɗe a takarda. Hannunta ba ya tsayawa, bakinta ma haka.

Na fari suka karɓa, suka shiga ciki, kowa ya nemi inda yake zama a da. Shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar takarda. Na lura ana tauna a hankali, ana satar kallon juna. Gi-cheol ne ya fasa.

"Imo, kada ki ji haushi. Ba ita ba ce."

"Ita ce."

"Ta da ta fi wannan nama. Tana da romo, har yana bin hannu."

Wani mai ƙaton ciki ya ce shi ma abin da ya gani ke nan, kuma ta da ba ta kai wannan zaƙi ba. Matar mai hula ta ce sam ba a sa jam. Wani ya ce ana sawa, amma a Andong ba na tuffa ba ne. Musu ya kaure a tsakiyar shagona, manyan mutane da jikoki, kowa yana rantsuwa da harshensa.

Imo ta saurare su, tana goge tanda. Can ta buɗe wata roba da ta ajiye a gefe, ta ɗebo wani naman daban, jawur, ta mulmula shi da kauri, ta soya guda biyar ba jam. Ta yayyanka ta ce a zagaya da su.

Gi-cheol ya kai baki, ya lumshe ido. "Yauwa. Wannan ce. Ashe ɓoye mana kika yi."

Kowa ya yarda. Matar mai hula har da ƙwalla.

Imo ta yi dariya har sai da ta dafa bango. "Wannan naman shanu ne zalla, na saya don miyar gidana. Jebi bai taɓa sayar da irinsa ba, ko mai kamfanin bai ci ba. Ta farkon ita ce taku. Rabinta gari, rabinta albasa, naman kuwa sai dai a gaisa. A daskare yake zuwa mana daga Daegu cikin kwali."

"To me ya sa take mana daɗi haka?" in ji mai ƙaton ciki.

"Yunwa kuke ji. Kuma wani ne yake saya muku."

Ba wanda ya yi fushi. Gi-cheol ya ce to a ƙaro masa ta garin, ya sake gwadawa da ladabi. Layi ya ci gaba, mai garin nan kowa ya ci, don ita kaɗai ta rage.

Ni ban yi niyyar ci ba. Ina tsaye ina gadin bargunan kada wani ya jingina, sai Imo ta cusa min ɗaya a hannu.

"Sajangnim, kai ɗan ina ne?"

"Sangju."

"Kuna da Jebi a can. Ci."

Na ci. Zaƙin jam ɗin ne ya fara zuwa, sai sanyin kabeji, sai wannan nama mai laushi kamar soso. Ni ban ga abin musu ba, ita ce. Sau ɗaya tak na taɓa cin ta, ina aji biyu a sakandare. Yayata Gyeong-ja ta bar makaranta ta tafi masaƙa a Gumi. Hutunta na farko ta zo gida da sabon takalmi, ta ja ni Jebi, ta saya min baga da lemo. Ita ba ta sayi komai ba, ta ce ta ci a mota. Na cinye tas tana kallona, ban ko yi mata tayi ba. Na tsaya a gefen tanda na gama wannan ma, na roƙi Imo ta rubuta wa Hye-ran yadda ake kwaɓa naman. Ta ce babu abin rubutawa, ta faɗa mata da baki.

Washegari masu gini suka hau. Kafin ƙarshen mako rufin ya sauka, aka sa shimfiɗaɗɗe mai ruwan toka. Gi-cheol ya zo da motar ɗaukar kaya ya tafi da wutsiya ɗaya, ya ce zai kafa a gonarsa. Ban yi da-na-sani ba. Damina ta zo ta wuce ko ɗigo bai sauka a kan na'urata ba, masu leƙe kuma suka ragu, ko da yake ba su ƙare ba.

Da kaka, Hye-ran ta haɗa baga biyu irin mai garin nan, na sa a jaka na tuƙa zuwa Sangju. Gyeong-ja tana can har yanzu, gwiwa ta dame ta, tana renon jikoki. Na ce ta shigo mota, zan kai ta wani wuri.

Na tsaya a gaban wani shagon wanki da guga kusa da kasuwa. Rufinsa sabo ne, amma na gane kwanar.

"Nuna," na ce, yadda ƙane ke kiran yayarsa, "kin tuna nan?"

Ta leƙa ta taga. "Me aka yi a nan?"

"Jebi. Inda kika kawo ni."

"Ba nan ba ne. Yana gaban gidan waya."

"Nan ne. Ga kwanar, ga bishiyar."

"Dong-ryul, ni na biya, kai ci kawai ka yi. Ja mota."

Na ja. A gaban gidan waya babu gini ko ɗaya, fili ne na ajiye motoci, da ɗan ɗakin mai gadi. Ta nuna tsakiyar filin da yatsa ba tare da wata shakka ba, ta ce teburinmu yana daidai inda farar motar can take. Na biya mai gadi, na shiga na tsaya kusa da farar motar, na kashe inji. Na ciro bagar na miƙa mata.

Ta warware takardar, ta ɗaga burodin ta duba ciki, ta shinshina. Ta gutsira, ta daɗe tana taunawa.

"Ashe haka take," ta ce.

"Ba ki taɓa ci ba?"

"Yaushe? Kafin in samu sukuni sun rufe." Ta sake gutsira. "Zaƙi ya yi yawa. Wa yake sa jam a nama?"

"In ba kya so ki ba ni."

Ta kawar da hannunta. "Ci taka."

Muka zauna muna ci, tagogi a buɗe. Ta cinye tata tas, ta lashe yatsa, ta ce gobe in an sake yi a rage kabejin, kuma in biya da ita kasuwa kafin mu koma, tana son sayen barkonon shanya.